Rigar da Na Jiƙa a Ruwan Shayi

A ƙasan durowar kayana, ƙarƙashin zanen gadon aurena, na shekara arba'in ina ajiye da wata 'yar farar rigar jarirai. Mahaifiyata ce ta ɗinka ta da hannunta lokacin ina da cikin fari. Audugar nan ta garin Mahalla ce, mara nauyi, da igiya biyu a wuya. Midhat ya sa ta, Hanan ta sa ta, haka har 'ya'yana shida, kuma duk shidan suna raye, wasu har sun fara furfura.

Shi ya sa rigar ta yi suna a layinmu. Idan mace tana wabi, ta haifa ta binne, ta sake haifa ta binne, to ba a saya wa jaririnta sabon kaya, ba a yi masa ado, don kada ido ya sauka a kansa. Tsohuwar riga ake roƙowa daga gidan da 'ya'ya suka tsaya. Sau uku ana zuwa ƙofata roƙon rigar nan, sau uku tana fita tana dawowa, kuma yaran duk sun rayu. Ni dai ban taɓa cewa riga ke raya mutum ba, rai na Allah ne. Amma duk ranar da aka zo roƙo nakan ji kaina ya ƙara girma, ba zan ɓoye muku ba.

Shekara biyu da suka wuce Midhat ya zo hutu daga Kuwait, ya kawo mini wani inji. Ɗan ƙarami ne, bai fi akwatin rediyo ba. A waya ake zana abin da ake so, suna ne ko tauraro ko ɗan agwagwa, sai a cusa masa wata leda mai launi, ya yi ta ƙiriri-ƙiriri da 'yar wuƙarsa har ya yanka. Daga nan a sa tsinke a tsince abin da ba a so, a ɗora sauran a kan riga, a danne da dutsen guga, shi ke nan ya manne.

"Umma, ga abin yi nan," in ji Midhat. "Ki bar Baba ya huta da surutu."

Na ce masa ni da ko aji shida ban gama ba, ina ni ina wannan? Sai ga shi wata biyu ban cika ba na iya. Na fara da jikokina, daga nan maƙwabta, daga nan matan da ban ma san su ba suka fara hawo mana bene na uku suna haki. Rigar suna, hular jariri, tawul, har ƙyallen da ake rataya wa yaro a wuya saboda dalala, duk sai an rubuta suna da ruwan zinariya.

Wahalar aikin ɗaya ce. Kowane yadi da zafin da yake so. In zafi ya yi kaɗan, ledar ta ɓare a wankin farko, in ya yi yawa yadin ya ƙone. Dole sai an gwada a kan wani tsumma mai kama da shi. Na gama da tsofaffin rigunan filo, na koma kan singiletin maigidana, Alhaji Sha'aban.

"Ummu Midhat," ya ce mini wata rana yana ɗaura maɓallin jallabiya, "shekara talatin da huɗu ina saƙa yadi a masaƙa. Ban taɓa zaton zan tsufa in tafi masallaci da agwagwa a ƙirji ba."

"Wa zai gani, Alhaji?"

"Mala'iku."

Ranar da abin ya faru, matar mai kantin magani ce ta kawo rigar sunan ɗanta. Yadin shara-shara ne, kamar ka hura ya tashi. Na juye gidan nan kaf ban samu mai laushinsa ba. Sai zuciyata ta ce mini, ai akwai a ƙasan durowa. Na ce a'a. Ta ce tauraro ɗaya ne tak, a can ƙasan gefe ta ciki, kin gani kin ɓare. Na ɗauko rigar mahaifiyata, na shimfiɗa, na ɗora tauraron, na danna.

Daidai lokacin mai gas ya shigo layi yana buga tukwanensa da sifana, mu kuwa tun safe namu ya ƙare. Na ruga baranda in tsayar da shi. Ya ce ba zai hawo bene uku ba sai an ƙara masa, na ce ƙafarsa ta zinariya ce? Muna cikin wannan musu na ji ƙauri.

Dutsen gugar ya faɗi a kan ƙirjin rigar. Da na ɗaga shi, ga shatinsa nan ja wur, tsakiyar ta huje.

Na zauna a ƙasa na yi kuka. Da a nan na tsaya, da hatsari ne, kowa zai ce ƙaddara. Amma bayan kwana uku wani aikin yadi mai laushi ya zo, na ce ai ta riga ta lalace. Na sake gwadawa a kanta. Na sake. Kafin wata ya ƙare babu inda za ka ɗora yatsa a jikin rigar nan. Taurari, kifi, rabin sunan ɗan wani, har da lamba goma da na yi wa wani mai son ƙwallo. Na naɗe ta na tura bayan durowa, ban gaya wa kowa ba.

Ƙofarmu da ta Zakiyya suna kallon juna, taku shida ne tsakani. Shekara arba'in da ɗaya muna haka. Ita ta riƙe ni a haihuwar Hanan, ni na kwana arba'in a ɗakinta da mijinta ya rasu. Ko gishiri ba ma aro, shiga muke mu ɗiba. 'Yarta ɗaya ce tilo, Basma. Haihuwa biyu Basma ta yi. Ta fari mace, kwana uku. Na biyu namiji, kwana goma sha ɗaya. Duk a asibiti suka cika. Da ta samu ciki na uku sai ta dawo wurin uwarta, don mijinta direban babbar mota ne, in ya tafi Aswan sai ya yi sati biyu. Ko safa ba su saya ba. Ko suna ba su yarda a ambata ba.

Wata ranar Talata bayan azahar na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, Zakiyya ce, ta lulluɓe da baƙin mayafi.

"Yau kuma baƙuwa kika zama? Shigo mana, na ɗora shayi."

"Yau ba shiga na zo ba, Ummu Midhat." Ta miƙo tafin hannunta. "Bara na zo. A taimaka wa jikana da tsumma, saboda Allah."

Haka ake yi. Mai roƙo ba ta shiga, ba ta zama, sai ta ƙasƙantar da kanta a bakin ƙofa kamar wadda ba ta da komai. Matar da ta ga tsiraicina ce tsaye tana mini bara.

Nan ne ya kamata in ce, Zakiyya, zo ki ga abin da na yi. Da ta zage ni, da ta ce tsohuwar banza, da mun yi kuka tare, gobe ta nufi gidan Ummu Ragab mai 'ya'ya biyar ta roƙo wata. Amma sai na tuna sau nawa na zauna cikin mata ina ba da labarin rigar nan. Na ji bakina yana cewa, "Tana nan. Bari in wanke ta in shanya, ta daɗe a ajiye. Ai da saura, ko?"

"Wata biyu, in Allah ya kai mu."

"To kafin sati ki same ta."

Washegari na hau keke mai ƙafa uku na tafi can kasuwar bayan tashar jirgi, inda ba a san fuskata ba. Na sayi farin yadi mai laushi. Kwana uku ina ɗinki da hannu, ina kwaikwayon ɗinkin mahaifiyata, ita da allurarta ke tafiya ƙanana-ƙanana kamar sawun tururuwa. Da na gama sai rigar ta fito fes, tana ƙyalli, kowa ya gani ya san jiya aka haife ta. Na dafa shayi mai kauri na tsoma ta. Na wanke, na sake tsomawa. Na sa dutsen goge ƙafa na murje wuyan da bakin hannu har zare ya fara tashi. Na hau da ita saman bene na shanya a rana, bayan ɗakin tattabarun Alhaji.

Na manta da la'asar yake hawa ba su hatsi.

Na same shi tsaye, ya kama gefen rigar tsakanin yatsa biyu yana murzawa. Ya kai ta hanci.

"Wannan yadin bai yi wata uku da sauka daga kan masaƙa ba," ya ce. "Kuma an ba shi shayi. Da sukari ko babu?"

"Alhaji, ka rabu da ni."

"Ina ta Hajiya, Allah ya jiƙanta?"

Na gaya masa. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya watsa wa tattabaru hatsi ya daɗe yana kallonsu.

"Je ki gaya mata."

"In ce mata me? Yarinyar nan ba ta barci don tsoro. In sun samu abin da zai kwantar musu da hankali, laifi ne? Kai kanka kullum cewa kake camfi ne. Riga riga ce."

"Na faɗa, kuma har gobe ina faɗa. To in riga riga ce, shayin na mene ne?"

Na cire rigata daga igiya na sauko. Na sa ta a durowa kwana biyu tare da kafur don ta ɗauki warin ajiya, sannan na kai.

Idon Zakiyya ya daɗe da yin yana, ko allura ba ta iya zurawa. Ta karɓi rigar da hannu biyu, ta sumbace ta, ta kifa fuskarta a ciki.

"Allahu akbar," ta ce, muryarta a toshe. "Ni'imat, wallahi ƙanshin mahaifiyarki nake ji. Allah ya kai haske kabarinta."

Na ce amin.

Basma ta haifi namiji ranar wata Asabar, aka sa masa Anas. Ranar bakwai aka yi taro, amma ba irin wanda na saba yi wa mutane aiki ba. Babu suna a jikin komai, babu zinariya, ko balan-balan babu. Na ce bari in yi musu 'yan akwatunan alawa, Zakiyya ta ce in ajiye injina. Aka kwantar da yaron a cikin rariya, aka watsa gishiri, yara suka kunna kyandir suna zagaye ɗaki suna waƙa. Ummu Ragab ta ɗauki turmin tagulla tana bugawa kusa da kunnensa.

"Ka ji maganar uwarka!" Tan! "Ka ji maganar kakarka!" Tan! "Ta ubanka kuwa, in ka ga dama!"

Mata suka kwashe da dariya, har da Basma da na yi shekara uku ban ga haƙoranta ba. Ta tsallake rariyar sau bakwai, sannan Zakiyya ta ɗaga yaron sama, yana cikin rigata mai shayi.

"Ku duba da kyau! Rigar nan shida ta raina a gidan Ummu Midhat, uku a waje, tara ke nan, ba wanda ta saki. Wannan shi ne na goma. 'Yar'uwata ce ta ba ni. In na mutu ku shaida ban biya ta ba, ba kuma zan iya ba."

Guɗa ta tashi. Mata suka yi ta rungumata. Wata ta tura mini kofin kunun masu jego a hannu, mai man shanu da gyaɗa, abin da nake so ƙwarai, na kasa haɗiye ko kurɓi ɗaya. Ummu Ragab ta leƙa fuskata ta ce, "Ke kuma fa? Kamar ke kika yi naƙudar." Na ce hawan jini ne.

Daga ranar Basma ba ta raba shi da rigar. In ya ɓata ta, sai ta wanke ta tsaya a gaban fanka tana riƙe da ita har ta bushe. Ta ce mini, "Inna, in tana jikinsa nakan yi barci. Rabona da barci irin wannan tun kafin ta fari." Na koma gida na ce wa Alhaji, ka ji ko? Ka ga amfaninta? Ya ɗaga jarida ya rufe fuska.

Ranar kwana goma, da hantsi, na shiga musu da romon kaza. Yaron yana kwance kusa da taga. Na ɗauke shi, sai na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Na ɗaga rigar, ciki ma haka. Na duba tafin ƙafa, har can ya kai. Na haifi shida, na san shawarar da ke wucewa da kanta, na kuma san wadda ba ta wucewa. Na taɓa kumatunsa, da ƙyar ya motsa baki.

"Basma, yaushe rabonsa da nono?"

"Barci yake ta yi, Inna. Ba ya rigima ko kaɗan."

"Tashi ki sa mayafi. Asibiti za a kai shi."

Kamar na watsa mata tafasasshen ruwa. Ta fizge shi daga hannuna ta koma can ƙuryar gado.

"Biyu na kai da hannuna na dawo hannu wofi. Wannan ba ya zuwa ko'ina."

Zakiyya ta fito daga kicin da ƙwayoyin tafarnuwa bakwai a zare. "Shawara ce kawai, Ummu Midhat. Zan rataya masa wannan, mu kunna masa doguwar fitila, a ɗiga masa ruwan sukari. Wane yaro ne ba ya yi?"

"Ba irin wannan ba. Zakiyya, idonki ba ya gani, ni ina gani. Har tafin ƙafa."

"Yana cikin rigar," in ji Basma. Ta kama igiyar wuyan tana murzawa. "Duk taran, akwai wanda aka kai asibiti? Inna, ki faɗa mini. Akwai?"

"Riga ba ta magani, 'yata. Allah ke raya mutum, kuma shi ya ce a nemi magani."

"Ke ce yau kike faɗin haka?" Zakiyya ta yi dariya. "Tara, Ni'imat. Ke da bakinki kike lissafa mana su. Kada ki tsorata mini yarinya, da ƙyar muka samu ta dawo hayyacinta."

Na roƙa. Na yi faɗa. Na ce a kira mijinta, aka kira, wayarsa ba ta shiga. Basma ta juya mini baya tana jijjiga yaron da ko kuka ba ya yi, tana cewa, "Yana cikin rigar, yana cikin rigar."

Na fita. Taku shidan nan na tsakanin ƙofofinmu, ban san yadda na yi su ba. Na ja durowa gefe, na zura hannu na lalubo ƙullin. Alhaji yana zaune a falo. Ya kalli abin da ke hannuna, ya kalle ni, ya ajiye jarida, ya jawo takalminsa.

"Bari in sauka in tsayar da tasi," ya ce.

Na koma na warware ta a kan gadon, gaban Basma. Ga shatin dutsen guga, ga hujin, ga taurari da kifi da lamba goma.

"Wannan ce rigar mahaifiyata," na ce. "Ita ce ta raini taran. Ni na ƙona ta, wata takwas ke nan, ina gwajin injina. Wadda ke jikin Anas ni na ɗinka ta bayan kin zo roƙo, Zakiyya. Yadin kasuwar bayan tasha ne. A shayi na jiƙa ta. Ba yaron da ya taɓa sa ta sai shi."

Zakiyya ta matso, ta ɗauki ƙonanniyar ta kai dab da idonta. Ta bi ɗinkin wuyan da yatsa. Ta zura yatsan cikin hujin. Ta bi kan ledojin nan ɗaya bayan ɗaya, tana jin santsinsu.

"Wannan mene ne?"

"Kifi."

"Wannan fa?"

"Sunan ɗan wani ne. Rabi."

Basma kuwa ta kafe ni da ido, sannan ta sauke shi kan ɗanta, kamar yanzu ta fara ganin launinsa. Ta yi wata ƙara da ba na fatan in sake jin irinta. Ta kwance igiyar wuyan, ta tuɓe masa rigar ta yar a ƙasa, ta naɗe shi a tawul, ta fita ko takalmi ba ta sa daidai ba. Zakiyya ta bi ta da mayafi. Na ɗauki jakar kayan yaron na biyo su.

A bakin matakala Zakiyya ta juyo ta karɓi jakar daga hannuna. Ba ta kalli fuskata ba.

"Zauna a gida," ta ce.

Alhaji ne ya tafi da su. Kwana huɗu yaron ya yi a ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila, tsirara, an rufe masa ido da ƙyalle. Alhaji ke kawo mini labari. Ya ce likitar ta ce da an ƙara kwana ɗaya da sai an sauya masa jini, kuma ba ta san yadda kansa zai kasance ba. A kwana na biyar na ji su suna hawowa bene, na ji kukan yaron, kuka mai ƙarfi. Na tsaya a bayan ƙofata ina saurare, ban buɗe ba.

Sati biyar ƙofar Zakiyya a rufe. In mun haɗu a matakala takan ce salamu alaikum, in amsa, shi ke nan. Na aika miyar lalo da zomo, kwanon ya dawo a wanke, babu komai a ciki, alhali mu ba ma mayar da kwano wofi. Injin na rufe shi da tawul. Mata suka yi ta zuwa da aiki ina cewa ya lalace, wata ƙaryar ke nan, na sani. Ko kasuwa na daina zuwa da safe, don ban san wa ya ji wa bai ji ba. Duk wadda ta gaishe ni sai in ga kamar tana kallon hannuna.

Basma ce ta fara shigowa. Wata rana da rana tsaka ta turo ƙofa, ta ɗora mini yaron a cinya, ya yi ɓul-ɓul, fari tas. Ta ce, "Riƙe mini shi, Inna, in yi wanka." Na riƙe shi ina ta hawaye har ta dawo.

Bayan kwana biyu aka ƙwanƙwasa. Zakiyya ce, da mayafin fita, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Shigo," na ce.

"A'a."

"Zakiyya, ki zage ni ko na samu sauƙi."

"Ba sauƙinki na zo nema ba." Ta gyara mayafi. "Ƙonawar ba komai ba ce. Ni ma na taɓa ƙona kayan auren Basma. Gwaje-gwajenki ma, ke da mahaifiyarki ne, ku kuka san yadda za ku ƙare ranar lahira. Abin da ya tsaya mini a nan," ta dafa ƙirji, "na kifa fuskata a cikin tsumman kasuwa na ce ina jin ƙanshin Hajiya, kina tsaye kika ce amin. Na ɗaga yaro a gaban mata talatin na rantse da ke. Kin mayar da ni mahaukaciya, Ni'imat, don idona ba ya gani."

"Haka ne."

"Kada ki ce mini haka ne."

Ta ci gaba.

"Kuma da ba ki fito da ita ba ranar nan, da yanzu ina zaman makoki na uku. Wannan ma na sani. Kullum ina auna biyun, ban gama ba tukuna."

"In kin gama ki gaya mini."

"Ba shi ya kawo ni ba. Ban faɗa wa kowa ba, Basma ma haka. To tun da yaron ya fito asibiti, labari ya bazu cewa rigar Ummu Midhat ta sake ceton wani. Gida uku suka aiko suna so. Jiya ma tsohuwar gida ɗaya ta zo da kanta tun daga bayan gada, 'yarta ta binne uku, ta tsaya mini a ƙofa da hannu a miƙe. Na ce ta koma gida, mai rigar za ta zo da kanta."

"Ba za ki ce musu ta ɓata ba?"

"Ki ga! Har yanzu ba ki daddara ba. Ɗauko mayafinki. Ki ɗauko ƙonanniyar, ki ɗauko mai shayin, tana wurina. Gida uku za ki shiga yau, ki faɗa da bakinki, har da shawarar da asibitin."

"Ni kaɗai?"

"Wa zai yarda da ke ke kaɗai? Tare za mu. Na san ki, in aka bar ki sai ki fara daga haihuwar Midhat, a kira magariba ba ki iso wurin shayin ba."

Na shiga ɗaki na ɗauko. Alhaji ya leƙo daga baranda ya ce ko ya raka mu. Zakiyya ta ce, "Zauna, Alhaji. Kai ma ka sani ka yi shiru, naka yana nan zuwa." Ya koma baranda da sauri.

Muka sauka bene, tana gaba ina baya, ƙullin a hammatata. A ƙofar gida ta tsaya tana kallon titi.

"Da na bayan gada za mu fara," ta ce. "'Yarta ce ta fi kusa haihuwa. Kuma ki ɗaga murya, tsohuwar ba ta ji sosai."